Kawu, Wanda Ba Mu Ci Kwano Ɗaya da Shi Ba

Daga Allah muke, can kuma za mu koma, da mai yatsu goma da wanda ciwo ya cinye nasa. Kawu ya koma ranar Talata da hantsi, lokacin da rabin gari ya tafi cin kasuwar Mafara.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki a ƙofar gidan Babban Kawu, wato yayansu shi da Inna mahaifiyata. Na zauna a ƙarshen tabarma ina kallon masu gaisuwa. Tun da nake ban taɓa ganin ta'aziyyar da harshe ke tuntuɓe a cikinta kamar wannan ba. Mutum zai durƙusa ya jero gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya muka ji da haƙuri. In ya iso wurin da ake cewa Allah ya jiƙansa, sai ya yi tari, ya saci kallon na kusa da shi, ya ce, "To, Allah shi ba da haƙuri." Dalili kuwa kowa ya san shi. Kawu Kirista ne, shi kaɗai a danginmu kaf, kuma kuturu ne.

Wani mai sayar da albasa daga Damri ya zo yana girgiza kai, yana cewa, "Mutumin kirki na, wallahi ba a samun irinshi." Wannan mutumin da idona na ga ya taɓa ture kwandon Kawu da ƙafa don kada ya gogi buhunsa. A cikin gida kuma na ji wata maƙwabciya tana gaya wa Inna, a matsayin lallashi, "Ya huta, ku ma kun huta."

Duk wannan da na iya haɗiye shi. Abin da ya tayar mini da zuciya ya faru a rana ta biyu. Babban Kawu ya gyara rawani, ya ɗaga murya yadda na nesa zai ji, ya ce, "Alhamdu lillahi, ya dawo hanya kahin shi cika. Ya yi kalmar shahada. Mutanen coci ne sunka yi gaggawa sunka ɗauke shi ina kasuwa." Nan take wuri ya warware. Addu'a ta ɓarke, aka zagaya da goro, mutanen da jiya suke tari yau bakinsu ya sake.

Ni ina ɗakin sa'ad da Kawu ya cika. Babban Kawu bai taka ɗakin nan ba ko sau ɗaya a rayuwarsa. Na san ƙarya ce. Na buɗe baki, na dubi rawunnan da ke wurin, na tuna ni malamin firamare ne a Bakura mai mutuncin da zai kare, sai na rufe bakina na karɓi goro. Har yanzu in na tuna ɗacin goron nan sai yawu ya taru mini. An ƙwace wa mutumin nan kusan komai yana raye, da ya mutu kuma aka zo ƙwace abu ɗaya da ya riƙe. Abin da ya kamata in faɗa a kan tabarmar nan shi nake rubutawa yanzu.

An haifi su Kawu a wani ƙauye a bakin gulbi, ƙasar Maradun, ƙauyen da yau ruwan dam ya shanye. Inna ta ce Kawu ya fi kowa iya iyo, ya fi kowa surutu. Yana saurayi wani farin tabo ya fito masa a kafaɗa, aka tsira masa ƙaya bai ji ba. Ranar aka ware masa ƙwarya, aka yi masa bukka a bayan rumbuna. Abinci sai a ajiye a ƙasa a ja da baya. Da abin ya kai ga yatsu, sai ya ɗauki sanda ya nufi asibitin kutare na 'yan mishan can wajen Sakkwato, a ƙafa. Ya daɗe ƙwarai. Ya dawo da guntayen yatsu, da mata wadda ita ma ta yi jinya a can, da akwatin ƙarfe mai bandeji da almakashi da kwalbar aidin, da kuma sabon addini.

Na taɓa tambayarsa, bayan na girma, me aka ba shi ya bar addinin iyayensa. Ya yi dariya ya ce, "Malam," haka yake kirana don tsokana, "ba wanda yab ba ni komi. Ranar da na isa, gyambon ƙahwata na wari, ni kaina ina kau da hanci. Wata mata ta duƙa ta ɗauki ƙahwar ta aza bisa cinyarta tana wankewa. Shekara huɗu ba mahalukin da yat taɓa ni. Na ce mata, ke ba ki jin wari? Tac ce tana ji. Na ce, to don mi? Amsar da tab ba ni ita nike bi har yau."

Ciwon ya mutu a jikinsa tun a can, likitoci sun sallame shi. Ya faɗa, ya sake faɗa, ba wanda ya saurara. Ƙwaryarsa ta ci gaba da zama daban. Shi kuwa ya kafa mata ƙusa a bango, in baƙo ya zo sai ya nuna ta ya ce, "Waccan ta sarki ta, ba a taɓa ta." Noma yake yi da fartanya ɗaure a wuyan hannu da tsumma, yana waƙoƙin cocinsu da wata murya mai kama da ƙarar tsohuwar ƙofa. Ba ya jin zafi a tafin ƙafa, don haka kowace yamma sai ya zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya da ɗan madubi, ko ya taka ƙaya bai sani ba. Ya ce mini, "Ku da ke jin zahi ku gode Allah. Zahi mai gadi na. Ni nawa mai gadin ya yi barci."

Mutane suna cewa ciwonsa horo ne, wasu su ce tun kafin ya yi ridda Allah ya san zai yi. Yana jin su. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Wanda nike bi ma yana da rauni ga hannuwa da ƙahwahu. Ba shi kau da kai in ya ga nawa." Na gaya masa mu ba haka muka karɓa game da Annabi Isa ba. Ya ce ya sani, ya miƙo mini dafaffen dankali a kan ganye, don ya san ba zan karɓa daga hannunsa ba. Na kuwa ci. In na gaishe shi daga nesa nake tsayawa, hannuna a ƙirji, kamar ladabi ne. Ya san ba ladabi ba ne.

Sai aikin dam ya zo. Aka ce ruwa zai taso, kowa ya kwashe. Aka kai su wani sabon wuri mai tsakuwa, inda ko kuka ba ta tsiro ba, aka bar fadama da kaburburan kakanni a ƙarƙashin ruwa. Gidan Kawu aka sa a can ƙarshe, bayan juji. A shekarar farko matarsa ta kwanta da zazzaɓi, ba ta tashi ba.

Kwana biyu bayan an binne ta na je a kan keke, da azahar. Tun daga waje na ji ana faɗa a ɗaki, na ɗauka wani ne ya zo cin zarafinsa. Na leƙa. Shi kaɗai ne, a durƙushe, yana dukan ƙasa da dungulmin hannu.

"Ka ɗauki yatsuna, na yi shiru! Ka ɗauki garinmu, na yi shiru! Ita wagga mi ta yi ma? Wa zai ɗaure min tsumma da sahe? Hwaɗa min!"

Na ce, "Subhanallahi, Kawu, da Allah kake wannan maganar?"

Ya juyo, fuska duk majina da hawaye. Ya ce, "To da wa zan yi ta? Da Yaya? Almasihu ma da anka kahwa shi ga itace bai yi murmushi ba, kuka yay yi da ƙarhi. Ba a hana ni kuka ba, Malam. Tashi in bar ƙohwar anka hana ni. Ina nan zaune har a buɗe." Ya share fuska da gefen riga, ya ce in miƙo masa madubi, lokacin duba ƙafa ya yi.

Sauran gonakin da ruwa bai ci ba, kamfanin da ke aikin dam ya shiga da katafila ya baje su, ya kankare ƙasar sama mai taki, ya tumɓuke itatuwa, iyaka ta ɓace. Damina ta zo ta wuce ba a yi shuka ba, wata ma ta zo ta wuce. Da aka tashi sake rabon filaye, aka ce kowane gida ya turo babba ya nuna nasa. Babban Kawu ya je. Ya nuna nasa, ya nuna na Kawu, ya ce duka nasa ne, wai wanda ya bar addini ba shi da gado. Gonar nan kuwa ba gado ba ce. Kawu ne ya sare dajin da fartanya ɗaure a hannu.

A kan wannan muka yi faɗa, faɗan da ban taɓa yi da babba ba. Na ce ya tashi mu tafi wurin alƙali a Mafara, ni zan rubuta takarda. Ya ce ba zai tsaya da ɗan uwansa gaban alƙali ba. Na ce, "Kawu, haƙurin nan naka ruɓaɓɓe ne. Da irinsa azzalumai ke ƙiba. An mare ka ka ce madalla, an taka ka ka yi waƙa. Ni ƙyamar abin nake ji!"

Bai yi fushi ba, kuma wannan ya ƙara ƙona ni. Ya ce, "Ɗauko min sandata."

Muka tafi ƙofar gidan Babban Kawu, bayan la'asar, dattawa cike da tabarma. Ya tsaya nesa kamar yadda aka saba masa, ya yi gaisuwa cikakkiya, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya ce, "Yaya, gonar da ka nuna tawa ta. Ka sani, waɗanga da ke zaune sun sani. Zalunci na, ba ni canza mishi suna don kana yayana. Ba ni kai ka ƙara, kuma na yahe ma. Amma ina son kunnenka shi ji daga bakina."

Babban Kawu ya tofar da yawu ya ce, "Ku gaya wa wanga shi matsa, iska na kaɗowa nan." Wasu suka yi dariya. Dattawa masu furfura, masu carbi a hannu, suka yi dariya.

A hanya na ce, "To me ka samu?" Ya ce, "Gona ta tahi. In na ɗauki ƙiyayyar Yaya na aza ga zuciya, ya ci gona ya ci ni ke nan. Ciwo ya ci min yatsu ba da izinina ba. Wagga kam sai na yarda, kuma ban yarda ba." Ban gamsu ba. Wata biyu ban je wurinsa ba. Ya koma shuka kuɓewa da yakuwa a wani ɗan zirin ƙasa a bakin kanal, wato magudanar ruwan dam, inda ba mai so.

Kada a ɗauka mutum ne mai cewa a zauna a yi shiru. Da manoma suka gaji suka tare hanyoyin dam, suka zauna a rana kwana da kwanaki, Kawu ya ce suna da gaskiya. Kullum sai ya ɗora tulu biyu a kan jakin maƙwabci ya kai musu ruwa. Da yawa ba su sha. Wani ya ce masa ya ajiye ya tafi, aka tuntsurar da tulun bayan ya juya. Gobe ya sake kawowa.

Ranar da aka turo masu bindiga ba zan bayyana ta ba, waɗanda suka gani sun san abin da suka gani. Abin da ya biyo baya zan faɗa. Masu rauni suka ƙi zuwa asibiti, don ana cewa duk wanda aka gani da raunin harsashi kama shi za a yi. Suka ɓuya a rumbuna da cikin kara. A nan aka tuna akwai mutum ɗaya a garin da ya iya wanke ciwo.

A cikin waɗanda aka kawo masa har da babban ɗan Babban Kawu, magidanci mai 'ya'ya biyar, harsashi ya ratsa masa cinya. Kwana huɗu suna ɓoye shi suna shafa masa toka da man shanu. Da rana tsaka aka shigo da shi a kan ƙyauren ƙofa, ina nan. Da Kawu ya yanke tsumman, warin da ya taso ya kori waɗanda suka ɗauko shi. Naman ya yi kore, mugunya na tsiyaya, tsutsa na motsi a ciki. Aka ba ni kwanon ruwan gishiri in riƙe. Ban kai minti ɗaya ba na ajiye, na fita na yi amai.

Da na dawo na tarar Kawu ya ɗora cinyar a kan tasa cinyar. Yana tsince tsutsa da ɗan hantsaki da ya maƙale tsakanin dungulmi biyu, yana magana a hankali kamar mai lallashin jaki. "Sannu ɗana. Yi ihu, ba kunya ba ta. Ka ji zahi? Madalla, naman na da rai ke nan." Ba ya iya ƙulla bandeji da hannu, sai ya duƙa ya ja da haƙora, fuskarsa dab da ciwon. Na tambaye shi daga baya ko bai ji warin ba. Ya ce, "Ina ji mana."

Babban Kawu yana waje, bayan danga, ya toshe hanci da bakin rawani. Bai shigo ba. Kwana goma sha biyu ana kawo ɗansa ana wankewa, har ƙafar ta tsira, sai ɗingishi da ya rage. Ranar ƙarshe abin da ya aiko a faɗa shi ne a ƙone tabarmar da ɗansa ya kwanta a kai, kada a shigo masa da ita gida. Godiya babu. Gona kuwa ko a mafarki. Sauran da aka yi wa jinya ma, da ƙura ta lafa, suka koma gaishe shi daga nesa. Na zo ina huci ina ba shi labari, ya ce, "Malam, ƙahwa na wanke, ba ciniki na yi ba."

Shekara biyu bayan haka gyambon ƙafarsa ya dawo, daga tsayuwa cikin ruwan kanal. Wannan karon ya ƙi jin magani. Wanda ya wanke ciwon rabin gari, nasa sai wata mata 'yar cocinsu, matar wani kafinta mutumin Zuru da ya rage bayan aikin kamfani ya ƙare, ita ke zuwa daga Mafara ranar Lahadi. Sauran kwanaki shi ke yi da haƙora. Ni ina zuwa, ina kawo koko, ina tsayawa bakin ƙofa.

Ranar Talatar nan na same shi numfashi na sama sama. Ya gane ni. Ya ce, "Shigo mana, yau kam ba sauran abin tsoro." Na shiga na zauna. Na ce, "Kawu, kana jin tsoro?" Ya ce, "Kaɗan. Amma hanyar ga an bi ta kahin ni, wanda yab bi ta yana can gaba yana jira." Sannan wani murmushi ya zo masa. Ya ce, "An ce can sabon jiki aka ba mutum. Ka san abin da zan hwara yi? Ƙulla igiyar wando da kaina." Na yi dariya, hawaye na zuba. Bayan nan bai ƙara yi mini magana ba. Sunan Yesu ya yi ta kira a hankali, har muryar ta ɗauke. Wannan shi ne abin da ya faɗa, ba wani abu ba, kuma ni ne shaida.

Na aika Mafara. Kafintan ya zo da matarsa da mutum huɗu. Aka ce maƙabartar gari ba tasa ba ce, don haka muka nufi zirin ƙasarsa na bakin kanal. Muna fara haƙa sai ga ɗan Babban Kawu yana ɗingishi, da diga a kafaɗa. Bai gaishe da kowa ba. Ya shiga ramin ya yi ta sara har ya kai ƙirji, ya fito, ya tsaya kansa a ƙasa. Da suka fara waƙa sai ya waiga hagu da dama, ya ɗauki digarsa ya bi ta cikin dawa, don kada a gan shi. Ban zarge shi ba. Ni ma a bayan bishiya na tsaya.

Kafintan ya ce ko dangi na da abin faɗa. Sai muka ji murya daga baya. Inna ce, ta fito ba ta gaya wa kowa ba, da mayafinta na shiga ɗaki. Ta zo har bakin ramin ta durƙusa, ta ce, "Yaya, ni ta. Ruwan nan da kaka samu bayan rumbu kullum da sahe, ni ka ajewa. Tsoro ya hana ni tsayawa." Ta ɗebi ƙasa ta zuba, ta tashi ta koma gida.

Na tambayi malamai, sun gaya mini addu'ar da ba zan yi masa ba. Ban yi musu da su ba. Na bar Kawu ga Wanda ya halicce shi, ya ga yatsunsa, ya ga zuciyarsa, ba ya kuma bukatar shaidar Babban Kawu ko tawa. Mu da muka rage nake jin wa tsoro, mu masu yatsu goma da tsabtatattun tufafi. Allah ya yafe mana abin da muka yi wa bawan nan, in abin yafewa ne. Allah ya sa ranar da namu jikin zai yi wari, a samu mai duƙawa.